Kabarin Auta na Kura

Maamobi, Accra
24 ga Afrilu

Zuwa ga Gwaggo Rafi'atu, Gidan Gwanja, Kura.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina yi miki barka da salla, da fatan azumi bai taɓa miki ƙarfi ba. Mu nan lafiya lau, sai Kaka da ƙafafunta suka kumbura, sai kuma ruwan sama da ya sauka da wuri bana.

Ba ki san ni ba. Sunana Samiratu, ina koyarwa a wata Islamiyya nan Maamobi. Kakata ta wajen uba, Hajiya Asana, 'yar Malam Osman ce, wanda ya taso daga gidanku da fataucin goro ya kafa zango a ƙauyen Kwaemu, can cikin kurmi. Hajiya Mariam mai turare, wadda za ta miƙa miki wannan takarda, ita ta ce mini a Kura akwai wata tsohuwar malamar makaranta da ta san zuriyar gidan kamar yadda ta san Fatiha. Ta ce kunnenki ya yi nauyi, waya ba ta amfane ki, kuma ba kya yarda jikoki su karanta miki saƙo. Shi ya sa na ɗauki biro. In kin ga Hausata ta karkace ki yi haƙuri. Mahaifiyata 'yar Maraɗi ce, ita ta gyara mini abin da ya gyaru.

Gwaggo, tsoro ne ya sa ni neman dangi, ba zan ɓoye miki ba. Zangon Kwaemu ya watse tun kafin a haife ni, kowa ya gangaro Accra, unguwannin Nima da Maamobi da Kotobabi, amma matattunmu suna can, a wata 'yar maƙabarta bayan gonakin koko. Watan jiya labari ya iso mana cewa masu haƙar zinariya, waɗanda a nan ake kira galamse, sun shigo da katafila, kuma raminsu ya doshi wajen. Baba Mumuni, wan mahaifina, ya je ya ga Nana, wato sarkin ƙauyen. Nana ya ce shi ba ya faɗa da matattu, amma ba zai hana matasansa ƙasa saboda tudun da ba shi da suna ba. A kawo masa takarda: wane ne a kwance, ɗan wane ne, wa ya tsaya masa. Duk kabarin da ya shiga takarda za a kewaye shi.

Kin san iyayenmu ba sa rubuta suna a kan kabari. Fasasshiyar tukunya ce, ko dutse, ko guntun kwano. Mutum ɗaya ya rage da ya san wace tukunya ce ta wa, Kaka ke nan. Shekarunta tamanin da biyar, wata rana ta tuna komai, wata rana ta kira ni da sunan uwata. Kullum na shiga ɗakinta da safe sai na tsaya na ga zanenta yana motsi kafin in yi sallama.

Abin da nake roƙo shi ne cikakkun sunayen waɗanda suka bar Kura zuwa wajen Malam Osman, da na iyayensu. Kaka laƙabi kawai ta sani, Nana kuwa ba zai karɓi Dogo da Mai Jaki ba.

Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

'Yarki,
Samiratu

Kura
9 ga Mayu

'Yata Samiratu,

Wa alaikumus salam. Na karɓi takardarki, na ji daɗi. Ina gaida Hajiya Asana, Allah ya ba ta sauƙi. Ni lafiyata ƙalau in ban da kunne, shi ma ban yi asarar komai ba, yawancin abin da ake faɗa a gidan nan bai cancanci a ji shi ba.

Hausarki ba ta da laifi. Na koyar shekara talatin da huɗu, na ga 'ya'yan Kano da ba su kai ki ba. Sai dai sunan mutumin Usmanu ne. Ku mutanen Gwanja kun tafi da sunayenmu kun lanƙwasa su kamar cokalin gidan biki. Wan kakana ne uwa ɗaya uba ɗaya, don haka kin kira ni da sunan da ya dace. An ce zumunta a ƙafa take, tamu ga shi ta koma jakar mai turare.

Na sa miki wata takarda daban mai suna goma sha ɗaya. Dogo shi ne Isiyaku ɗan Malam Barau. Mai Jaki Haruna ne, kuma ban taɓa jin ya mallaki jaki ba, na mutane yake kora. Sauran kya gani.

Akwai na goma sha biyu, ban sa shi a jerin ba don hannuna ya ƙi. Mahaifina ne. Sunansa Sadiƙu, amma a gida ba mai ce masa haka, Auta ake kiransa. Ya tafi wajen baffansa Usmanu ina da shekara uku, bai dawo ba, ba a kuma sake jin ɗuriyarsa ba. Kakata, mahaifiyarsa, ita ta riƙe ni. Uwata ba ta cikin wannan zance. A shekarar ta bar ni ta yi gabanta, kada ki tambaye ni.

Shekara saba'in ke nan. Duk Juma'a ina ba da sadakar ƙosai da sunansa, ban san ko mai rai nake yi wa ko matacce ba. Da na karanta takardarki sai da na ajiye ta na yi alwala. Ina son in sani, ina kuma tsoron in sani. Ki tambayi Hajiya Asana ko ta san Auta na Kura. In ana neman shaida, ni kaɗai ya haifa, kuma ina da cindo a hannun hagu. Kakata ta hana a yanke, ta ce da shi zai gane ni in ya dawo.

Ki riƙa cin abinci. Rubutunki na mai yawan tunani ne.

Gwaggonki,
Rafi'atu

Maamobi
29 ga Mayu

Gwaggo,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. Da fatan kina lafiya, ke da mutanen gida. Kaka ta ji sauƙin ƙafa, ta amsa gaisuwarki, ta ce a tambaye ki ko har yanzu ana rini a Kura. Sunayen da kika aiko sun yi mana rana, goma sun dace da laƙabin da ta sani.

Mun je Kwaemu ni da Baba Mumuni. Trotro biyu muka hau, wato motocin haya na nan, sannan babur, sannan ƙafa. Gani ya kori ji. Inda aka ce da gonakin koko ne yanzu rami ne da zai haɗiye masallacin unguwarmu, cike da ruwa kalar shayi mai madara. Katafila tana aiki muna jin ƙasa tana rawa a tafin ƙafarmu. Na bi kaburbura ɗaya bayan ɗaya ina ɗaukar hoton alamar kowanne, na zana taswira a littafin ɗalibai. Ashirin da shida ne a jere, Malam Usmanu a tsakiya. Kin ga na gyara.

Har mun juya za mu tafi na hango wani tudu shi kaɗai, bayan wata tsohuwar bishiyar goro, nesa da sauran. Bakin tulu ne a kansa. Ya kalli gabas kamar kowa, don haka Musulmi ne. Shi ya fi kusa da ramin. Na auna da ƙafata, taku goma sha biyu.

Kwana huɗu muka yi da Kaka a kan hotunan, kullum bayan ta sha koko, don lokacin ne kanta ya fi zama daidai. Duk ashirin da shidan ta faɗe su. Da na nuna mata bakin tulun sai ta ture wayar. Na ƙyale ta. Washegari na ce, “Kaka, kin san wani Auta na Kura?” Zan rubuta miki maganarta yadda ta fito, da bakinmu na Zango, don kada in ƙara ko in rage.

“Shi ne nan bayan goro. Auta. Daga Kura ya zo. Ciki ne ya kashe shi, ciki ya yi girma paa, sosai. Kwana uku yana kuka, muna ji. Masu ƙasa suka ce irin mutuwansa ba a sa shi cikin mutane. Ya ce ya bar yaro a gida, mai yatsa shida.”

Daga nan ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce ba ta son zancen, ita yarinya ce a lokacin kuma har yau tana jin kukan.

Gwaggo, na samo miki shi, amma ban san ko albishir nake miki ba. Na daɗe riƙe da biro kafin in rubuta. Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri.

Ga matsalar. Baba Mumuni ya ƙi sa shi a takarda. Ya ce, “Mutumin da masu ƙasa suka ware, ni ban san me ya yi ba koraa, ko kaɗan. In na sa hannu Nana ya tuna wani tsohon zance, sai mu rasa duka ashirin da shida.” Ya ce sai dai jininsa ya tsaya masa, da cikakken suna da sa hannu. Ke kaɗai ce. Layi biyu sun isa, ki ba Hajiya Mariam ta taho da su. Nana yana zama da dattawansa ranar Lahadi sau ɗaya a sati shida, zama na gaba sha ɗaya ga Yuni ne.

'Yarki,
Samiratu

Maamobi
19 ga Yuni

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Mu nan muna nan, ruwa ya yi yawa, babbar kwatar Nima ta cika har ta shiga shaguna.

Hajiya Mariam ta dawo hannu rabbana. Ta ce kin karɓi takardar, kin karanta a tsaye, kin shiga ɗaki kin turo ƙofa, kuma kwana biyu tana komawa ana ce mata kina kwance. In na yi miki rashin ladabi ne wajen faɗar mutuwar mahaifinki haka gatsau, ki yafe mini. Ban taɓa kai wa kowa irin wannan labari ba, ban san yadda ake yi ba.

An yi zaman. Nana ya karɓi ashirin da shida, an kafa turaku an ja waya. Na roƙe shi a kan na bayan goro. Ya tambayi dattawansa, ba wanda ya tuna komai, duk waɗanda suka sani sun mutu. Ya ce ya ba ni zuwa zama na gaba, ashirin da uku ga Yuli, daga nan ba ruwansa.

Na sake aunawa. Taku tara ne yanzu. Ba katafila ba ce ma, ruwa ne yake cin bakin ramin, ƙasa tana zaftarewa da kanta. Saiwar bishiyar goron ta fito fili ta gefe guda. Duk sanda aka yi ruwa a Accra sai in tsaya tsakiyar darasi ina tunanin ko can ma ana yi, har ɗalibai sun fara tambayata ko ba ni da lafiya. Ina tsoron in je wata rana in tarar da bakin tulun yana yawo a kan ruwa.

Don Allah ko da faɗa ne ki rubuto.

Samiratu

Kura
2 ga Yuli

Samiratu,

Wa alaikumus salam. Barka da salla, Allah ya karɓi layyarku. Ina gaida Hajiya Asana da Mumuni. Na yi kwana goma a kwance, likita ya ce hawan jini ne, na bar shi da saninsa.

Ba ki yi mini laifi ba, ki daina ba da haƙuri kamar wadda ta fasa tulun sarauniya. Abin da kika rubuto ne ya fi ƙarfina. Ke kin rubuta ciki kin wuce, ba ki san abin da kika ɗora mini ba.

Zan gaya miki abin da ban taɓa gaya wa 'ya'yana ba. Ranar da mahaifina zai tafi, uwata ta hana shi, ta yi ta kuka. Don ta ƙyale shi sai ya ɗauko Alƙur'anin kakana ya dafa, ya rantse zai dawo kafin a girbe dawa. Aka girbe dawa bai dawo ba. Kakata ta ce da kunnenta ta ji uwata tana cewa, Alƙur'anin da ya dafa ya ishe ni da shi. Bayan wannan ba da daɗewa ba aka wayi gari ba ta nan. Aka ce an gan ta a tasha ta hau motar wani direba.

Ban san abin da ake cewa a wajenku ba. A wajenmu, tun muna yara, in aka ce mutum cikinsa ya kumbura ya yi kwanaki yana kuka ya mutu, ba mai tambayar me ya same shi. Sai a ce rantsuwa ta kama shi. Na yi karatu, na san akwai ciwon hanta, akwai na ƙoda, na koyar da kiwon lafiya a aji biyar. Duk wannan bai hana ni jin tsoro ba. Har waɗanda ba Musulmi ba sun ga abin da ya sa suka ƙi a haɗa shi da mutane. Me suka gani, Samiratu? A wane hali ya tafi? Shekara saba'in ina masa sadaka, yanzu ina tsoron ko ba ta isa gare shi. Ina kuma tsoron ranar da zan tarar da su su biyu, wanda ya karya rantsuwa da wadda ta yi masa baki.

Sau uku na ɗauki biro in ce miki a bar ramin ya ci, kowa ya huta, kada sunan gidanmu ya shiga takardar wani sarki a matsayin wanda aka ware. Na ji kunyar kaina. Ko me ya yi, bai manta da ni ba. Yana cikin wannan azaba ya ambaci yatsana.

Ga abin da kuke so. Ni Rafi'atu na shaida wanda ke kwance bayan bishiyar goro mahaifina ne, Sadiƙu ɗan Malam Yakubu na Kura, na kuma tsaya masa. Na sa hannu a ƙasa. Hajiya Mariam sai ta gama ziyarar salla za ta taso, Allah ya sa ta iske ƙasar ba ta tafi ba.

Gwaggonki,
Rafi'atu

Maamobi
15 ga Yuli

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Allah ya ƙara sauƙi. Ki zauna kafin ki karanta wannan, kuma in akwai maganin hawan jinin kusa ki sha. Kowa lafiya a nan, ba mutuwa aka yi ba. Kuskure na yi, babba.

Takardarki ta iso shekaranjiya. Na kai wa Baba Mumuni, ya yarda, na rubuta sunan a layi na ashirin da bakwai. Jiya da safe na shiga wajen Kaka da koko, na ce bari in faranta mata. Na ce, “Kaka, an samu mai tsaya wa na bayan goro. 'Yarsa ta aiko da sunansa, Sadiƙu ɗan Malam Yakubu.”

Ta ajiye kofin. Ta ce, “Wane Sadiƙu? Ɗan kawu? Ai Sadiƙu sati biyu ya yi wurinmu, ya wuce ƙasan da Faransa ke mulki nan maƙwabta da masu goro. Sadiƙu namiji ne.”

Na ce, “To Auta fa?”

Ta ce, “Auta mace ne.”

Gwaggo, nan take na gane kuskurena. A bakinmu na Zango ba mu da ta, ba mu da ita. Uwa shi ce, amarya shi ce, kowa ya zo, kowa ya tafi, kamar yadda yake a Twi, yaren masu ƙasa, da muke kwana muna tashi da shi. Yaro kuma ɗa ne ko 'ya. Ni na san haka, da shi aka yaye ni. Amma na shiga ɗakin da Autanki a kaina, na ji sunan, na ji yatsa shida, ban ƙara tambaya ba. Na kwashe maganarta na aiko miki ɗanya, ke kuma kika karanta ta da Hausar Kura.

Na gaya wa Kaka zancen rantsuwa da kumburi. Ta yi tsaki, ta ce wane kumburi, cikin haihuwa ne. Wannan karon ba ta rufe fuska ba, ta ba ni labarin har ƙarshe, zan kuma faɗa miki da Hausar da ba za ta ruɗe ki ba.

Wata mata ce ta sauka a zangon da tsohon ciki, ita kaɗai, ƙafafunta duk sun fashe. Daga Kura ta taso, mota bayan mota, zango bayan zango, tana neman mijinta. Ba ta iya faɗar sunansa saboda kunya, sai ta ce, kun ga Auta? A can kuwa ba wanda ya san shi da wannan suna. Kafin manya su gane Sadiƙu take nufi, yara sun riga sun sa mata Auta, sunan ya bi ta. Shi kuma ya wuce da wata uku. Ta ce za ta bi shi, matan gidan suka hana ta, suka ce ta bari ta sauka tukuna. Sati shida ta yi tare da su. Kaka ce take rakiyarta rafi. Ta ce kullum zancenta ɗaya, ta baro 'yarta wajen surukarta don hanya ba ta yaro ba ce, kuma da ta haihu za ta koma, ko da miji ko babu. Ba ta faɗar sunan 'yar, tunda ta fari ce, sai ta ce mai yatsa shida.

Naƙuda ta zo mata a karkace. Kwana uku. Ba ta haihu ba. Kaka ta ce a wancan zamani masu ƙasar suna jin tsoron mutuwar mace da ciki, ba sa yarda a binne ta cikin jama'a, ƙasar kuma tasu ce. Malam Usmanu ya yi ta roƙo bai samu ba. Shi ya yi mata salla da kansa, ya zaɓi gindin goronsa. Tulun da ke kanta shi ne wanda take zuwa rafi da shi.

Na tambayi Kaka ko ta taɓa jin ta zagi mijin. Ta ce abin da ta sani, kullum in an gama tuwo tana ajiye nasa a rufe.

Na goge layi na ashirin da bakwai. Kaka ba ta san sunanta ba, ba wanda ya sani a Ghana kaf. Nana ba zai karɓi Auta ba. Kin ce kada in tambaye ki zancen mahaifiyarki, ga shi dole in tambayi sunanta. Wani manomi ya auna mini jiya, taku shida. Hajiya Mariam ta yarda ta juya gobe saboda wannan, za ta iso ranar Laraba ko Alhamis. Zaman Lahadi ne, ba motar da za ta dawo da amsa kafin nan. Na rubuta lambar wayata a bayan takardar. Na san ƙa'idarki, ban san wata hanya ba.

Ki yafe mini makonnin da na sa ki a ciki.

'Yarki,
Samiratu

Kura
Alhamis, 20 ga Yuli

Samiratu,

Wa alaikumus salam. Ina raye, kada ki damu. Jikata Ruhaina ce za ta ɗauki hoton wannan ta turo miki. Na ce ta karanta in ta ga dama, ta karanta wa uwarta ma. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ba ki da laifi. Ni da na shekara talatin da huɗu ina jan layi da jar biro a ƙarƙashin ya da ta, ni ya kamata in tsaya in duba.

Ban san tana da ciki ba. Ba wanda ya taɓa gaya mini. Tun jiya nake tuna wata rana, ina ƙarama sosai, wani baƙo mai kayan goro ya sauka a zaurenmu, washegari aka toya waina aka raba wa maƙwabta. Na tambayi kakata sadakar wa ake yi, ta ce in ci in yi shiru. Ashe saƙo ya iso. Ta sani, ta bar ni da labarin direba. Ita ta goya ni, ita ta aurar da ni, ban san yadda zan yi da ita ba yanzu, na bar ta da Allah. Maganar bakin ma daga wajenta kaɗai na ji.

Mahaifina ya sake ɓacewa. Sati shida na yi da shi, cikin tsoro, ga shi an karɓe. Allah ya san inda yake.

Abin da ke ba ni tsoro yanzu daban ne. Juma'a nawa ce a shekara saba'in? Ruhaina ta ce za ta lissafa a waya, na hana ta. Ko ƙosai ɗaya ban taɓa bayarwa da sunan matar nan ba. Na haifi mata huɗu ban sa wa ko ɗaya sunanta ba. In an ambace ta tashi nake. Ita kuwa tana can gindin goro da tulu a kanta, ta fasa ƙafafu a hanya, tana cewa za ta dawo. Da wace fuska zan tarar da ita?

Rabon da sunan ya fito daga bakina tun ranar ɗaurin aurena, shi ma liman ne ya tilasta. Ɗazu na gwada faɗarsa a ɗaki ni kaɗai. Kunnena bai ji ba, amma ya fita.

Ki rubuta: Hansatu 'yar Malam Jibo, mutuniyar Karfi, matar Sadiƙu na Kura. Wadda ta tsaya mata 'yarta ce, Rafi'atu. A wajen adadi kada ki sa ɗaya. Mutum biyu ne a kabarin, akwai ƙanena ko ƙanwata.

Ki gaida Hajiya Asana, ki ce na gode da rakiyar rafi. Ki tafi tun Asabar, kada ki jira Lahadi.

Gwaggonki,
Rafi'atu 'yar Hansatu

Maamobi
24 ga Yuli

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida Ruhaina. Mun dawo lafiya, Kaka ma lafiya.

Mun tarar da taku huɗu. An yi ruwa ranar Juma'a, goron ya karkata amma bai faɗi ba, tulun yana nan. Nana ya sa aka karanta masa takardar. Da aka zo kan mutum biyu sai ya tambayi dalili, na gaya masa. Wata tsohuwa cikin masu zama kusa da shi ta yi masa magana a kunne. Ya sa hannu, ya kuma ce katafilar da ta haƙa ita za ta cike wannan gefen kafin ta ƙara taɓa ko'ina. Ban tafi ba sai da na ga an zuba ƙasa an kafa turaku. Wayar da aka ja ta haɗe ta da sauran, yanzu shinge ɗaya ne.

Kafin mu taso mun tsaya a kanta. Na yi sallama, na ce mai yatsa shida ta aiko mu. Baba Mumuni ya ɗaga hannu ya ce, “Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.”

Na ce, “Baba, ya jiƙanta.”

Ya juyo ya dube ni. A gidanmu ba a katse babba yana addu'a. Sai ya share fuska, ya sake ɗaga hannu, ya faro daga farko a hankali, da sunanta.

'Yarki,
Samiratu